Yau Ma Ba Za Mu Yi Rawa Ba

Litinin, 15 ga Oktoba 1990, da hantsi

Fayafayan kwamfutar sun iso. Guda biyu ne a kwali ɗaya, an naɗe su da soso kamar ƙwai. Direban Alhaji Sulemana ya ɗauko su daga Akra, amma sunan Yaya Idi ne a jikin kwalin, don shi ya yi odarsu tun kafin Juma'ar nan da motar sojoji ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ba zan rubuta abin da ya faru ranar ba. Mma ta ce ko ni kaɗai ce a ɗaki kada in faɗa, balle in sa a takarda.

Alhaji ya aika aka kira ni daga shagon gyaran injuna da nake aiki a Hanukope. Ofishinsa nan Zongo yake, a saman garejin manyan motocinsa masu kai kaya Yamai da Wagadugu. Kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da aikin duka, wace mota ta tashi, me ta ɗauka, wa ke tuƙa ta. Yaya Idi ne ya haɗa ta, shi ya koya mini cikinta. Faifan da ke ciki ya tsufa, in yana juyawa sai ka ce tsohuwar keken ɗinki.

Alhaji ya ce, "Djamila 'yata, yayanki ya ce mini in aka sa biyu, ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba. Ki ƙarasa mini abin da ya fara. Ni kuma maganarsa tana hannuna, na san wanda ya san Kumandan sojojin."

Na ce to, Baba Alhaji. Bai ce sai na gama zai motsa ba, amma ni ba yarinya ba ce. Mutumin da ya ci tuwon sunan Yaya Idi, yau shi ke ciniki da kansa. Tir.

Laraba, 17 ga Oktoba, bayan Azahar

Aikin ba wani tsafi ba ne. Madubi ake ce masa. A kwashe tsarin da ke tuƙa kwamfutar daga tsohon faifai a ɗora shi a kan sabo, sannan a haɗa sabon da ɗan'uwansa, duk abin da aka rubuta a wannan sai ya rubutu a wancan. Sai dai kafin in taɓa komai dole in kwafe abin da ke cikin tsohon a ƙananan disket, ɗaya bayan ɗaya, ina saurarensa yana tari ina roƙon Allah kada ya cika a hannuna.

Duk safiya in aka kunna kwamfutar, kafin komai ya fito, akwai layi ɗaya da Yaya ya sa da Hausa a saman allon: "Barka da zuwa. Yau ma ba za mu yi rawa ba." Alhaji ajami kawai yake karantawa, akawunsa kuma ba ya jin Hausa, shi ya sa ya daɗe a wurin ba wanda ya tanka. Yaya bai taɓa zuwa animasiyon ba, rawar nan da waƙar jam'iyya da ake tara mutane su yi a rana, kowa da rigar atamfa iri ɗaya. Yakan ce ƙafafunsa na zuwa masallaci ne da filin ƙwallo. Da na ga layin sai na fita baranda na ɗan tsaya.

Wanda ya san Kumandan ashe Audu ne, sakataren jam'iyya na unguwarmu. Ya hawo ofis da bajonsa a ƙirji, turarensa ya riga shi shigowa. Ya ba ni hannu, hannun nan mai laushi mai gumi, ya ce, "Ƙanwata, sai haƙuri. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma ba a zuwa wajen manya hannu rabbana, a nemi rago mai kyau."

Ragon da Mma ke kiwo don sunan jaririn da Mariyatu, matar Yaya, za ta haifa, shi aka kwance. Na wanke hannuna da sabulun wanki, har yanzu ina jin turaren.

Alhamis, 18 ga Oktoba, da safe

Babu labari.

Asabar, 20 ga Oktoba, bayan La'asar

Sabon faifai ba a ɗora masa komai sai injin ya bi shi lungu-lungu ya tabbatar ba shi da rauni, kuma wannan binciken wuni guda yake ci, ba ya son a katse shi. Na fara tun da sassafe. Na ce wa Alhaji ko me za a yi kada a taɓa janareto, don wutar gari ba ta da alkawari. Na je gida cin abinci, na dawo na tarar da inda janareton yake babu komai sai tabon baƙin mai.

Audu ya aro shi. Ana gwajin animasiyon a filin makaranta, lasifikarsu na son wuta. Ban gama tambaya ba wutar gari ta ɗauke, allon ya yi baƙi, aikin wuni ya tafi.

Na ce, "Baba Alhaji, ai na faɗa maka."

Ya ce, "'Yata, in hana Audu janareto? Ke da ke neman abu a hannunsa?"

Daga tagar ofis ina jin su, mata suna guɗa, ana ambaton sunan da ake ambata. Cikinsu har da maƙwabtanmu da suka leƙa ta katanga ranar Juma'ar, suka ja labule. Tun da aka rushe tsohon Zongo aka watso mu nan bakin hanyar arewa muke yi wa waɗanda suka rushe shi rawa. Wallahi raina ya ƙi komai yau, ko kokon da Mariyatu ta dama ban iya sha ba.

Litinin, 22 ga Oktoba, da hantsi

An dawo da janareton ba mai a ciki. Na sake farawa. Rago ya tafi, babu labari.

Laraba, 24 ga Oktoba, da yamma

Tsarin ya hau sabon faifai na farko. Na cire tsohon daga layi, na kunna, na rufe idona. Da na buɗe, ga layin Yaya a saman allon, harafi ɗaya bai ɓata ba. Na so in goge shi tun wajen kwafa, har na kai yatsa, sai na ga ba nawa ba ne. In ya dawo ya tarar da kayansa yadda ya bar su.

Tsohon faifan na sake gwada shi don in ga ko zai yi amfani a ajiye, ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru. Ya jira na gama ne kawai, Allah ya saka masa.

Yanzu na haɗa na biyun, suna daidaita juna. Fitilu biyu ƙanana suna ƙiftawa tare. Na zauna ina kallonsu fiye da yadda aikin ke buƙata, don a gida Mariyatu tana zaune a ƙofar ɗaki da cikinta, duk motar da ta wuce sai ta ɗaga kai, ni kuma na gaji da ganin wuyanta yana komawa.

Juma'a, 26 ga Oktoba, bayan La'asar

Na gama jiya. Na ce wa Alhaji aikinsa ya kammala, saura maganar Yaya. Ya ce in sha Allahu, amma tukuna a yi sadaka.

Sadakar Alhaji kuwa ba a ɓoye take ba. Abin da ya shigo gida biyu tagwaye ne, in ji shi, tagwaye kuma ba a karɓarsu shiru. Ya sa aka soya masa, aka dama koko, aka kawo goro. Bayan sallar Juma'a ya kwaso dattawan masallaci ya hawo da su ofis, kowa ya cire takalmi a ƙofa kamar za a shiga gaida mai jego. Liman ya yi addu'a. Aka raɗa musu sunan tagwaye, Alassani da Fuseni, Alhaji ya sa na rubuta a takarda na manna wa kowanne nasa. Har wani tsoho ya ajiye goro biyu a kan akwatin kwamfutar, ya ce abin da aka ba ɗaya dole a ba ɗayan, kada su yi fushi. Da a wata shekarar ce da na yi dariya har na riƙe ciki.

Sai Alhaji ya ce, "Nuna musu, 'yata. Kashe ɗaya su gani."

Na ce masa a hankali, "Baba Alhaji, ba abin nunawa ba ne."

Ya ce, "Nuna musu mana. Irin wannan ko manyan ofisoshin gari ba su da shi."

Na zare wayar Fuseni. Kwamfutar ta ci gaba da aikinta, sai wata 'yar ƙara da ta fara, tit, tit, tana sanar da cewa ɗaya ba ya nan. Dattawa suka yi ta salati. Na mayar da wayar, ƙarar ta tsaya, fitilun suka koma ƙiftawa tare.

Audu yana bakin ƙofa da masa a hannu, ya daina tauna. Ya ce, "Ashe da ɗaya ma tana aiki?"

Alhaji ya ce, "Ƙwarai kuwa!" yana shafa ciki.

Baki shi ke yanka wuya, amma ba kullum wuyan mai bakin ba.

Litinin, 29 ga Oktoba, da yamma

Audu ya ce matar Kumandan tana son atamfa. Mma ta buɗe akwatinta ta fito da turmin da take ajiyewa tun auren Yaya. Muka shiga tasi har Bagida, inda gidan Kumandan yake, kusa da teku. Ba a bar mu mun wuce ƙofa ba. Wani soja ya karɓi atamfar, ya juya ta yana duba bakinta kamar a kasuwa. Mma ta durƙusa masa, yaron da ta haifi wanda ya girme shi.

A hanya na ce, "Mma, me ya sa?"

Ta ce, "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Na ce ai mun durƙusa har gwiwa ta ƙare. Ta ce in rufe mata baki, direba yana ji.

Talata, 30 ga Oktoba, da safe

Babu labari. Babu labari. Na wanke hannuna.

Laraba, 31 ga Oktoba, bayan Azahar

Ina ofis ina nuna wa akawu yadda zai duba lafiyar fayafayan, sai ga Audu. Ya zauna a kujerar Yaya, bai ko tambaya ba.

Ya ce wa Alhaji, "Labarin tagwayenka ya kai Bagida. Kumandan ya yi murna ƙwarai. Sai dai ya yi tambaya ɗaya. Ya ce yaya za a yi ɗan kasuwar Zongo yana da biyu, shi da ke tsaron ƙasa ba shi da ko ɗaya? Ni dai na ce masa Alhaji mutum ne mai hankali."

Na ce, "Malam Audu, wa ya kai labarin?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanwata, abin alheri ba ya ɓuya. Kuma ai da idona na ga tana aiki da ɗaya. Kumandan ya ce in wannan gaisuwar ta iso, zai duba maganar yaron nan da kansa."

Yaron nan. Suna da sunansa a bakinsu, amma sun fi son su ce yaron nan.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, da yamma

Alhaji ya ƙi. Ya ce shi bai haifi Idi ba, kayansa kayansa ne, an raɗa musu suna a gaban liman, ba a raba tagwaye. Mutumin da bai san ko ta ina ake kunna su ba, yau ya zama uban tagwaye mai kishi.

Mma ta hau benen nan da ƙafarta mai ciwo, ta durƙusa masa a gaban direbobi. Ta ce, "Alhaji, don girman Allah. Nonon da uwarka ta ba ka, ni ma shi na ba shi." Ya kau da kai yana jan carbi. Na tsaya a bayanta ina kallon dardumarsa.

Ba hawayen Mma ne suka karya shi ba, kada wata rana in manta in ba shi ladan da ba nasa ba. Audu ne ya dawo da La'asar ya ce, wai, ya ji ana shirin tsananta binciken manyan motoci a shingayen hanyar arewa, mota takan iya kwana bakwai a gefen titi ba a ce ta yi laifi ba. Nan take Alhaji ya tuna Idi ɗansa ne. Ya ce, "A kai Fuseni, Alassani ne babba, shi zai riƙe gida."

Asabar, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Duk abin da ke cikin Alassani yana cikin Fuseni, ai shi ne madubin. Har da layin Yaya. In aka sami wanda ya kunna shi a Bagida, abu na farko da zai gaishe da Kumandan shi ne ba za mu yi rawa ba, kuma akwai sojoji masu jin Hausa.

Don haka na raba su, na share Fuseni tas. Aikin da na yi ta fama da shi, na sha duhun janareto a kansa, tambaya ɗaya injin ya yi mini, kin tabbata? Na ce na tabbata. Na zauna ina kallon aikin hannun yayana yana gogewa, ni ce kuma na danna.

Matar Alhaji ta kawo tire da sabon ɗankwali. Aka naɗe faifan, aka ɗora goro a kai, aka yafa masa turare kamar kayan lefe. Takardar sunan ma ba a cire ba.

Tun da na zare shi ƙarar nan ta dawo, tit, tit. Alhaji ya ce in kashe masa ita, tana shiga masa kunne. Na ce ban iya ba, sai Yaya Idi. Na iya. Amma a Zongon nan kaf, wannan akwatin ne kaɗai ke faɗa a fili cewa akwai wanda ba ya nan, ba ni zan rufe masa baki ba.

Lahadi, 4 ga Nuwamba, da yamma

An shigar da ni falon Kumandan, wai ko za a buƙaci a haɗa. Yana da kwamfuta kuwa, a kan tebur, an rufe ta da leshi, an ɗora mata furen roba. Wayarta ko soket ba ta kai ba. Kuma ba irin wadda faifan zai shiga ba ce, na gani tun daga ƙofa.

Shi kansa ban gan shi ba. Matarsa ta karɓi tiren, ta ɗaga faifan ta ce da nauyi, ta buɗe kabad ɗin gilashi ta ajiye shi tsakanin faranti da kofunan shayi. Atamfar Mma ce a jikinta, an ɗinka har an sa.

Audu ya ce in yi godiya. Na yi.

Laraba, 7 ga Nuwamba, da safe

Babu labari. Akawu ya toshe kunnensa da auduga.

Juma'a, 9 ga Nuwamba, bayan sallar Asuba

Ya dawo.

Wannan ranar, da La'asar

A bakin babban titi suka sauke shi, mai sayar da koko ce ta gane shi ta riƙo shi zuwa gida. Mariyatu ta buɗe baki za ta yi kuka, Mma ta toshe mata da tafin hannu saboda maƙwabta. Na kawo ruwan ɗumi a roba. Ba zan rubuta ƙafafunsa ba.

Alhamdu lillahi. Na faɗa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Lahadi, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Gida ya cika. Kowa ya shigo sai ya ce, "Idi, sannu da hanya, yaya mutanen can?" Mma ta ce musu fatauci ya je Sokode, zazzaɓi ya kama shi. Suna gyaɗa kai, su da suka ga motar da idonsu. Wata ma cewa ta yi ruwan Sokode dama ba ya karɓar baƙo.

Audu ya zo, aka ba shi kujera mai kyau, aka ba shi cinyar kaza. Mma ta sa Yaya ya gode masa. Ya miƙe da ƙyar ya kama hannun nan da hannu biyu. Kafin Audu ya tafi ya ajiye wani ƙunshi a kan tabarma, ya ce tsaraba ce, ba gaggawa, amma ranar Laraba akwai gwaji. Ban buɗe ba, na san kalar atamfar ta cikin ledar.

Yaya bai yi mini magana ba sai tambaya ɗaya, ko fayafayan sun iso. Na ce sun iso, na ba shi labarin tagwaye da goro don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya duba ƙofa, ya ce in rage murya.

Laraba, 14 ga Nuwamba, bayan La'asar

Ya ce zai je ofis, na ce zan raka shi. Benen ya ɗauke mu lokaci, yana hawa yana hutawa. Alhaji ya rungume shi yana cewa ɗana, ɗana, ka ga abin da na sadaukar dominka, sannan ya ce don Allah ya fara kashe masa ƙarar nan.

Yaya ya zauna a kujerarsa. Ya duba cikin akwatin, ya ga yadda na jera wayoyin, ya ce, "Kin yi aiki mai kyau, Djamila." Na ji daɗi kamar ƙaramar yarinya. Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa don ya ga tashinta, ni kuma na matso kusa, don wannan lokacin na yi ta jira. Layin ya fito a saman allon, yadda ya bar shi.

Ya karanta. Ya waiwaya ya dubi ƙofa, ya dubi taga. Sai ya buɗe inda layin yake, ya sa yatsa ɗaya yana gogewa, harafi bayan harafi, daga ƙarshe zuwa farko. Sau biyu yana kuskuren maɓalli.

Na ce, "Yaya, ai ba wanda ke karantawa. Na ajiye maka ne."

Ya ce, "Na sani. Na gode."

Sannan ya shiga saitin ya gaya wa injin cewa faifai ɗaya ne da shi, dama can ɗaya ne. Ƙarar ta tsaya. Akawu ya cire audugarsa, Alhaji ya ce alhamdu lillahi, yanzu komai ya koma daidai.

Daga filin makaranta aka fara gwada lasifika. Yaya ya ɗauko ledar Audu daga jakarsa, ashe Mariyatu ta kai an ɗinka tun jiya. Ya sa rigar a kan ta jikinsa, ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya ce in riƙe shi mu sauka, kada ya makara.

Na riƙe shi har bakin filin. Ban tsaya na kalla ba.